Littafin aikin harabar gidan Kawu: injinan da muka yi haya daga rani zuwa kaka

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka zaga filin, ni da Kawu da Baba mai gadi. Fuloti ne ƙafa 100 tsawo, ƙafa 100 faɗi, a Kaduna, tsallaken kogi wajen unguwar Millennium City, wato murabba'in mita 930 ko kusa da haka. Gini ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran yana nan yadda magina suka bar shi: ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓin siminti, kututturan itace, suri a kusurwar gabas, tofa kuma ta rufe bayan gida. Kawu yana son wurin ajiye mota na intalok (ƙananan bulon daɓe na siminti da ake jerawa) a gaba, ciyawa a gefen kudu don jikoki, itatuwan inuwa da na marmari a baya.

Abin da na fara gaya masa shi ne, ƙasar gidan nan abu biyu take so masu karo da juna. Inda za a shimfiɗa intalok sai an danne ta har ta yi tauri. Inda za a dasa ciyawa kuwa sai ta zama sakwa-sakwa, saiwa ta samu hanya, ruwa ya nutse. Injin da zai gyara wancan shi ne zai ɓata wannan. Don haka tun kafin a kira kowa na kafa turaku, na ja igiya, na raba filin: ga inda taya za ta taka, ga inda ba za ta taka ba har a gama aiki.

Katangar arewa saura gibi kamar mita 6, kuma Kawu ya riga ya yi magana da birkila ya zo ya rufe. Na ce, "Kawu, a yi haƙuri da gibin nan tukuna. Ta nan manyan injina za su shigo. In aka rufe, ta ƙofa za su bi, su fasa mana dakali." Ya ce, "To, a bar shi, amma a tare da kwano saboda dabbobi." An tare.

Lissafin lokaci shi ne: duk aikin tono da ciko da dannewa a gama shi kafin ruwa ya sauka a Afrilu ko Mayu, dashe kuma ya jira damina ta kankama.

18 ga Janairu

Abu na farko da muka yi haya ba katafila ba ne. Wani safiyo ne ya zo da na'urar awon tudu da gangare, ya yi mana rabin wuni. Da ido filin kamar shimfiɗaɗɗe yake, amma awo ya nuna bayan gida ya fi dakalin kicin tudu, wato duk ruwan baya jikin gini zai nufa. Ba ƙaramin ruwa ba ne. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In aka yi ruwa mai milimita 30, irin wanda ake yi a Kaduna cikin Agusta, lita kusan 28,000 ce za ta sauka a fulotin nan cikin ɗan lokaci, kuma dole ta samu mafita.

Mun tsayar da gangaren santimita 2 a kowace mita, daga jikin gini zuwa lambatu, lambatun kuma zuwa kwalbatin titi. Safiyo ya shafa jan fenti a kan kowane turke inda ƙasa za ta tsaya. Sauran ƙananan awo zan yi su da siririn tiyo mai ruwa irin na magina.

25 ga Janairu

Makon nan na yi shi wajen masu bayar da hayar manyan injina, ta titin baifas, ta Mando, har Kakuri. Kawu buldoza yake so, don ita ya saba gani tana share fili. Ni ban yarda ba. Buldoza da eskabeta masu sarƙa ne, ba sa hawa kwalta da ƙafarsu, sai an ɗora su a kan lobed, doguwar motar ɗaukar injina, an kawo, an kuma mayar. Kuɗin kawowa da mayarwar da aka faɗa mini bai yi nisa da kuɗin aikin wuni guda ba. A fili mai kadada da yawa wannan ba komai ba ne. A fuloti ɗaya mai gini a tsakiya kuwa asara ce, ga shi ba ta da wurin juyawa.

Na tsaya a kan JCB, mai bokitin loda a gaba da hannun tono a baya. Tayoyin roba gare ta, da kanta za ta tako ta zo, kuma aiki uku za ta yi mana: tuge kututture, kankare ƙasa, loda tifa.

Cinikin hayar ba a kan kuɗin wuni kaɗai yake ba, nan ne mutane suke shan mamaki. Wuni a wurinsu awa 8 ne. To daga yaushe ake fara ƙirgawa, daga fitowar inji daga gareji ko daga fara aiki? Man dizal na wa? Abincin ofareta da yaronsa fa? In inji ya lalace da rana tsaka, awannin da aka rasa a wuyan wa suke? In ya kwana a gidanmu, wa ke da alhakin batir da man da ke ciki? Wani mai gareji da na yi wa waɗannan tambayoyin ya ce, "Malam, ai mu nan amana muke yi, ba sai an rubuta ba." Na gode masa na wuce. Wanda muka daidaita da shi ya yarda a rubuta komai a takarda, mu sa hannu, mu ɗauki hoton agogon injin da safe da yamma. Man dizal namu ne, za mu saya a gidan mai da kanmu a zuba a gabanmu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ranar JCB. Jiya da yamma muka gama shirinmu don kada inji ya tsaya yana jiranmu: mun ɗaure jan ƙyalle a kan murfin sokawe da salga, mun zuba farar ƙasa a kan layin bututun ruwa da na wayar lantarki da ke binne, mun janye kwanon gibin. Tifa biyu na yi haya ba ɗaya ba. Da tifa ɗaya, duk lokacin da ta tafi zubarwa inji zai zauna yana ƙona mai, agogo kuma yana tafiya. Da biyu, ɗaya na fita ɗaya na shigowa.

Ofaretan dattijo ne, ba mai yawan magana ba. Kafin ya tada inji sai da ya zaga filin da ƙafa, yana dungurar ƙasa da dunduniyarsa. Da ya zo wurin surin ya ce, "Yallaɓai, wannan in an kwashe sama kawai, gara za ta dawo. Sai an bi ta ƙasa." Ya sa hannun tono ya bi ramukan har sai da ya fito da ɗakin uwar garar, dunƙulen yumɓu mai tauri da ya fi dunƙulen hannu girma. Baba mai gadi ya fasa shi da diga, ga ta nan fara, kumburarriya, tsawon ɗan yatsa. Kajin maƙwabta suka samu rabonsu.

Abin da na fi sa wa ido shi ne baƙar ƙasar sama. A bayan gida tana da kauri kamar taƙi ɗaya, kuma ita ce dukiyar filin. Na roƙi ofareta ya kankare ta a hankali ya tara ta gefe guda, kada ta haɗu da jar ƙasar da ke ƙarƙashi. Mutane da yawa suna loda ta a tifa a zubar, bayan wata uku su sayi irinta da tsada. Shi kuwa da bakin bokiti yake shafto ta siriri-siriri, yana leƙen launin ƙasar ta tagar gefe. Da ja ya fara bayyana sai ya ɗaga.

Wajen ƙarfe ɗaya tiyon hadirolik na hannun baya ya fashe, mai ya feso. Yaron ofareta ya hau babur da tiyon ya tafi gari inda ake ɗaure bakinsa, bai dawo ba sai bayan la'asar. Tifofi biyu suna tsaye. A nan takardar ta yi amfani: da mai injin ya kira yana cewa wuni ya cika, na tura masa hoton agogo da hoton abin da muka rubuta. Bai ja ba. Inji zai kwana, gobe da safe ya cike awanninsa. Masu tifa da sawu muka yi ciniki da su, don haka tsayuwar ba ta shiga aljihun Kawu ba, sai dai na ƙara musu kuɗin abinci, don su ma wuninsu ne ya tafi.

Ɓaraguzan ba mu kai su nesa ba. Mai unguwa ya nuna mana wani zaizayayyen wuri a layin baya, can aka zuba aka baje.

2 ga Fabrairu

An gama kafin azahar. Inji ya fita ta gibin, ba tare da tayarsa ta taka cikin igiyar ciyawa ba sai sau ɗaya wajen juyawa. Birkila zai fara rufe katanga jibi.

15 ga Fabrairu

Lambatu da bulon gefe. Leburori sun so a kwaɓa kankare da shebur a ƙasa yadda aka saba, amma na ɗauko injin kwaɓa siminti na wuni biyu. Kwaɓin hannu ba ya zama iri ɗaya daga safe zuwa yamma, in gajiya ta zo sai a ƙara ruwa don ya yi sauƙin juyawa, ruwa mai yawa kuma shi ke raunana kankare. Awon ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, da kwanon sarki ake aunawa ba da ido ba. Sai da kafinta ya gama kafa katakon duka lambatun sannan na kira injin, don ya zo ya tarar da aiki a shirye.

Iskar hunturu tana busar da kankare tun bai yi ƙarfi ba. Mun rufe shi da buhunan siminti jiƙaƙƙu, Baba mai gadi zai riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana 7.

22 ga Fabrairu

Cikon jar ƙasa a ƙarƙashin intalok. Wurin murabba'in mita 220 ne, kaurin ciko santimita 15 bayan dannewa, wato kubik mita 33, kuma sai an sayo fiye da haka tunda ƙasa tana raguwa in ta dannu.

An ba ni shawarar in kawo babbar rola irin ta masu titi. Ba ta dace da nan ba. Girgizarta kusa da harsashin gini da sabon lambatu haɗari ce, kuma ba za ta kai kusurwoyi ba. Kwamfakta na ɗauko, farantin ƙarfen nan mai girgiza da mutum ke turawa, ana kawo shi a bayan a-kori-kura. Ƙarfinsa ba ya sauka ƙasa da nisa, saboda haka ba a zuba cikon gaba ɗaya. Hawa biyu muka yi, a baje rabin, a jiƙa, a danne, sannan a ƙara.

Jiƙawar ita ce sirrin aikin, kuma ita ta sa na haɗa hayar tankar ruwa da ta kwamfakta a rana ɗaya. Busasshiyar jar ƙasa ba ta dannuwa, ƙura kawai take tashi. Wadda ta sha ruwa da yawa kuma tana lotsawa nan ta kumbura can. Gwajin a tafin hannu yake: ka damƙi ƙasar ka matse, in ta dunƙule ba ta jiƙa maka hannu ba, in ka sake ta daga tsayin ƙugu ta fashe gida uku ko huɗu, to ta yi. Mun jiƙa tun daren jiya don ruwan ya ratsa, da safe aka ɗan ƙara.

Kafin ciko na sa an binne bututun roba masu faɗi guda biyu, babu komai a cikinsu, suka ratsa ƙarƙashin hanyar mota daga gefe zuwa gefe. Duk ranar da za a ja ruwa ko wuta zuwa ɓangaren ciyawa, ta ciki za a zura, ba sai an ɗaga intalok ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023, duk mai ƙaramin injin da na yi hulɗa da shi babu mai yake ba da kayansa. Wannan ma haka ya zo, tanki a bushe.

15 ga Maris

An ɗauki azumi ranar 1 ga wata, zafi kuma ya shigo. Aiki ya koma daga bayan asuba zuwa ƙarfe goma sha biyu. Masu haya ba su da farashin rabin wuni sai ka nema. Na nema, wasu sun yarda, wanda bai yarda ba na tara masa aikinsa wuri ɗaya don ya yi shi a fita ɗaya.

Intalok mai kaurin santimita 6 muka saya, ya isa ƙananan motocin gida. Bakin ƙofa kaɗai na sa mai santimita 8, don nan tankar ruwa za ta riƙa tsayawa. Na ƙi karɓar kayan farko da aka kawo. Na goga biyu da juna, gefensu ya zube kamar garin kwaki, alamar ba su daɗe da fitowa daga mazubi ba, ko kuma an yi musu rowar siminti. Direban ya kira mai kayan, shi kuma ya ce ai waɗannan sun fi araha. Kawu da ke zaune a inuwa ya ce, "Gaya masa araha ba ta ado, ya kawo masu kyau." An canza.

Shimfiɗar ƙarƙashi garin dutse ne, santimita 3, a ja shi da katako ya daidaita, ba a taka shi kafin a ɗora intalok. Injin yanka da janareto ban kawo su ba sai da aka shimfiɗe tsakiya duka, ya rage bakin-baki da kwanoni. A wuni ɗaya aka yanke su gaba ɗaya. Yankan yana tada farar ƙura mai cutar da huhu, don haka yaro ɗaya yana ɗiga ruwa a bakin faifan, mai yankan kuma da takunkumi da tabarau. Wannan ba na sassauci a kansa.

22 ga Maris

Kwamfakta ta dawo karo na biyu. An watsa busasshen yashi mai laushi a kan intalok, an share shi ya shiga tsakankani, aka ɗaure shimfiɗar roba a ƙarƙashin farantin don kada ya ƙuje fuskar dutsen, aka bi sau biyu. An ƙara yashi aka sake sharewa. Daga yau babu babbar motar da za ta wuce bakin ƙofa. Mun tsaya sai bayan salla.

12 ga Afrilu

Babu abin da muka yi haya a makon nan. Na shiga Panteka, kasuwar masu ƙira da walda. Ka'idar da nake bi ita ce, abin da gida zai riƙa buƙata duk mako a saya, abin da za a yi amfani da shi sau ɗaya ko biyu a yi haya. Baro biyu, manjagara, shebur, diga, fartanya, langalanga, waɗannan na gida ne yanzu. Na kuma sa wani mai walda ya haɗa mana rolar hannu da guntun ganga, da sandar turawa da marfin zuba ruwa. In an cika ta ta yi nauyi, in an zubar mutum ɗaya ya ɗauke ta. Kuɗinta bai kai na hayar kwamfakta sau biyu ba, kuma ita ce nauyin da ciyawa za ta iya ɗauka.

10 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi daren Alhamis. Da gari ya waye na je na duba sawunsa. Daga jikin gini ya gangara lambatu, lambatu ya kai shi titi, babu inda ya kwanta a kan intalok. Alhamdu lillahi.

Yanzu ɓangaren ciyawa, murabba'in mita 250. Duk da igiyar da muka ja, ƙasar wurin ta sha takun magina tun lokacin gini, diga ma da ƙyar take shiga. Ana buƙatar ƙaramin injin huɗa na turawa, irin wanda masu lambu a bakin kogin Kaduna suke kaftu da shi. Samun sa a wannan lokaci sai da kamun ƙafa, don kowa gonarsa yake gyarawa. Na yi magana da wani mai lambu tun cikin azumi, na ba da kafin alƙalami, shi ya sa muka samu rana.

Amma ban bari injin ya shiga ba sai da leburori suka yi mako suna bin wurin da hannu. Dalili tofa da aya-aya. Tofa tana yaɗuwa ta jijiyarta ta ƙarƙashin ƙasa, aya-aya kuma ta 'ya'yanta da ke binne. In haƙoran inji suka daddatsa su, kowane guntu sabon tsiro ne, ka biya kuɗi an shuka maka ciyawar da kake yaƙi da ita. Kawu ya ga aikin yana tafiyar hawainiya ya ce, "Ɗana, ba inji muka ce za a kawo ba?" Na ciro masa jijiyar tofa ɗaya, fara, mai tsini, ta fi kamu biyu tsawo, na nuna masa idanun da ke jikin kowace gaɓa. Ya juya ta a hannunsa ya ce a ci gaba. An tara su an shanya an ƙone.

Bayan kaftu muka mayar da baƙar ƙasar da JCB ta tara. Kaurin santimita 15 a wannan faɗin yana cin kubik mita 37 da rabi, tarin namu ya ba da fiye da rabi, sauran muka saya. Takin shanu daga Zango na Tudun Wada aka kawo, na zaɓi tsoho wanda ya riga ya ruɓe ya huce, don ɗanye yana ƙona saiwa kuma yana jawo gara. Tifa a waje ta juye, baro ya yi sauran, a kan katakan da muka shimfiɗa saman intalok.

24 ga Mayu

Ramukan itatuwa, kowanne santimita 60 faɗi da zurfi. An yi mini tallar injin haƙa rami mai murɗawa, na ce a'a. A jar ƙasa mai yumɓu yana goge bangon rami ya yi santsi, saiwa ta riƙa zagaye a ciki ba ta fita. Diga ta fi.

Sai dai a layin gabas mun ci karo da marmara a zurfin kamu ɗaya, diga tana tartsatsi. Itacen da aka dasa a kan marmarar da ba a fasa ba, ramin zai riƙe ruwa da damina saiwa ta ruɓe, da rani kuma ya bushe da wuri. Dole na ɗauko injin fasa dutse na lantarki tare da janareto mai ƙarfin ɗaukarsa, na wuni ɗaya. Ba ya cikin lissafin farko, amma kuɗin ko-ta-kwana da muka ware ya ɗauke shi. An fasa har aka tarar da ƙasa mai laushi a ƙarƙashi. Na zuba bokitin ruwa a kowane rami, washegari babu wanda ya riƙe.

Mangwaro da gwaiba da lemo a baya, zogale kusa da kicin, maɗaci guda ɗaya a kusurwar da ta fi nisa da gini. Kawu ya so malaina saboda saurin girma. Saiwarta tana bin sama tana ɗaga daɓe da katanga, na roƙe shi ya haƙura da ita.

14 ga Yuni

An yi babbar salla ranar 6 ga wata, ma'aikata sun dawo, ruwa ya zauna. Dashen ciyawa ba ya son inji ko ɗaya. Kirikiri muka sa a sarari inda rana ke duka, don tana jure taku da fari. Gefen katangar da inuwa ke daɗewa kuwa ciyawar kafet mai faɗin ganye, don kirikiri ba ta yi a inuwa. Daga masu sayar da furanni na bakin titi muka sayo a buhuna, aka yayyage aka dasa layi-layi, taƙi ɗaya tsakani, a ranar da aka kawo. Rolar Panteka, da rabin ruwa a cikinta, ta bi sau ɗaya don saiwa ta kama ƙasa.

26 ga Yuli

Yankan farko. Na hana a sa langalanga, tana tuge ciyawar da ba ta gama kama ƙasa ba. Na kira mai injin yanka na turawa, wanda ke zagaya gidaje. Kafin ya sauke shi a kan ciyawarmu na sa ya kifa shi aka wanke ƙarƙashinsa, don irin ciyawar gidan da ya baro yana manne a nan. Na kuma taɓa wuƙar, ta dakushe, sai da aka wasa. Dakusasshiyar wuƙa yaga ganye take yi, bayan kwana biyu bakin ya yi fari. An ɗaga tayoyin sama, ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen ba.

Da damina yanka zai zama duk kwana goma ko mako biyu. A nan lissafin haya ya fara juyewa. Na yi wa Kawu jimillar kiran mai inji daga yanzu zuwa Oktoba, da na baɗi, muka kwatanta da kuɗin sabon inji. Maƙwabta biyu masu ciyawa sun nuna sha'awar a haɗa kuɗi a sayi ɗaya, a ajiye shi wurin Baba mai gadi, a riƙa ba shi wani abu yana yanka wa gidajen uku. Ni ina goyon bayan haka, da sharaɗin a rubuta wa ke sayen mai, wa ke biyan gyara.

30 ga Agusta

Marka. Kwana da kwanaki rana ba ta fito sosai ba. A layinmu wani ya kawo feloda, babban injin loda ƙasa mai tayoyi, cikin wannan ruwan don share fulotinsa, ta nutse har gindin taya, sai da aka kawo wani injin ya ja ta, kuma duk kwanakin da ta yi a taɓo ana ƙirga masa. Na tausaya masa ƙwarai, don ko bayan an fitar da ita, ƙasar da aka tattake tana jiƙe sai ta daskare in ta bushe.

Mu ma mun samu namu. Intalok ya lotsa kamar yatsa biyu a wani siririn layi kusa da famfon waje. Da muka ɗaga, sai ga tsohon ramin bututu da aka mayar wa ƙasa ba a danne ba tun lokacin gini, ya yi zurfin da kwamfakta ba ta kai ba. Wurin bai kai a yi hayar inji ba. Mun tone, muka mayar da jar ƙasa kaɗan-kaɗan ana daɓe ta da madaɓin ƙarfe na hannu, aka mayar da duwatsun nan dai a mazauninsu. Da kankare aka zuba a wurin, da sai an fasa.

Gara ta taɓa gwaiba biyu. Injin feshi na goyo aro muka yi wurin mai lambun nan, amma na tambaye shi ko ya taɓa zuba maganin kashe ciyawa a ciki. Ya ce yana da na ƙwari daban, shi ya ba mu.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ruwa ya fara ja da baya. Na zauna da Kawu muka bi takardun haya ɗaya bayan ɗaya. JCB da tifofinta su ne mafi tsoka, sai kwamfakta da tankar ruwa. Abin da ya shigo ba da shiri ba injin fasa dutse ne kaɗai.

Abin da ke gabanmu ruwan rani ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu sama ba za ta ba da wani abin kirki ba, ciyawa kuma a lokacin zafi tana son kamar lita 5 a kowane murabba'in mita kullum. A faɗin namu lita 1,250 ke nan a rana, jarka 50 mai lita 25, ban da itatuwa. Tanka ko 'yan garuwa ba za su riƙe wannan na wata shida ba sai aljihu ya ji jiki. Rijiyar burtsatsen gidan ita za ta ɗauka, amma sai mun san abin da take bayarwa. Ranar Talata mai famfo zai zo mu tada ta awa biyu a jere, mu auna da ganga mu ga ko ƙarfin ruwan yana raguwa. In ta wadatar, za a zura bututu ta cikin waɗanda muka binne a Fabrairu, a kafa famfo biyu da abin yayyafi a ɓangaren kudu. In ba ta wadatar ba, na gaya wa Kawu za mu rage ciyawar gefen yamma mu zuba tsakuwa, mu bar ban ruwa ga inda yara ke wasa da kuma itatuwa. Ya ce a gwada rijiyar tukuna.